Yadda za ka nuna wa ɗalibai cewa zane ne ke riƙe musu tarihi

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi ya san wannan abin, ka yi minti arba'in kana bayani kan wani yaƙi, ka ba da shekara ka ba da sunaye, bayan wata uku ka tambayi yaran sai ka ga shekarar ta gudu sunayen ma sun gudu amma hoton nan da ke gefen shafi yana nan daram a kansu. To tunda hoton ne ke zama, ni a ganina gara mu koya musu yadda za su titsiye shi da tambaya maimakon su haɗiye shi haka kawai.

Ka fara da hoto, kar ka fara da bayani. Wanda na fi so shi ne zanen da Jacques-Louis David ya yi wa Napoliyon Bonaparte, shugaban Faransa, a 1801 yana tsallake tsaunukan Alps. Ka haska shi da majigi in akwai, in babu ka buga a takarda ka raba, amma ka rufe sunan da ke ƙasa. Doki ya ɗaga ƙafafun gaba, iska na kaɗa alkyabba, mutumin ya nuna sama da yatsa, fuskarsa ko gezau. Ka ce kowa ya rubuta kalma uku kan wannan mutumin, kuma ka ba su minti biyu cikakku kai kana shiru, shirun nan yana da wuya wa malami amma ka daure. Za ka ga jarumi, mai iko, ba ya tsoro.

Sannan ka fito da na biyu, wanda Paul Delaroche ya zana kusan shekara 50 bayan abin ya faru. Nan kuma alfadari ne ke takawa a hankali cikin ƙanƙara, wani ɗan jagora na gaba, shi kuma mai gidan ya takure cikin kwat kamar wanda sanyi ya gama da shi. Sai yanzu za ka faɗa musu ai mutum ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, watan Mayun 1800, kuma alfadarin ne gaskiya. A nan ajin ke tashi wallahi, hannuwa sama, wani ma sai ya ce to malam me ya sa aka cuce mu. Kar ka amsa masa, ka mayar da su kan zanen farko su duba duwatsun da ke ƙarƙashin kofaton dokin, za su ga an rubuta sunan Bonaparte kusa da na Hannibal da Charlemagne, wato manyan da suka tsallake tsaunin kafin shi. Ka ƙara musu da cewa Napoliyon bai ma yarda ya zauna an zana shi ba, kuma sau biyar aka yi wannan zanen. Da kansu za su gano cewa mai zanen ba kuskure ya yi ba, aikin da aka sa shi ke nan.

Daga nan sai tambayoyin da nake so su zame musu jiki: wa ya yi, wa ya sa a yi, shekara nawa tsakanin abin da zanen, sannan wa aka bari a waje. Ta ukun ce yara ke mantawa. Misali mai sauƙi shi ne zanen George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana tsallake kogin Delaware tsaye cikin kwalekwale, abin ya faru cikin dare a Disambar 1776, amma Emanuel Leutze ya kammala zanen a 1851 kuma a Jamus ya zana shi, tutar da ke ciki ma sai a 1777 aka amince da ita. Ka ce su yi lissafin da kansu, shekara 75, in suka rubuta lambar da hannunsu ta fi shiga.

To amma fa a yi hattara a nan, don wannan shi ne inda darasin ke lalacewa. Da zarar yaro ya kama zane biyu da ƙarya sai ya yanke cewa duk zane ƙarya ne, ya huta da tunani, kuma wannan ba shi muke nema ba. Maganinsa Gernika. Ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen Jamus da Italiya suka yi wa wannan ƙaramin gari na Sifaniya ruwan bamabamai lokacin yaƙin basasa, mai zane Pikaso ba ya wurin, yana Faris, a jarida ya gani. Zanen da ya yi faɗinsa ya kusa mita 8, baƙi da fari da ruwan toka kawai, babu jirgi a ciki babu bam, sai doki na ihu, da bijimi, da uwa rungume da gawar ɗanta ta ɗaga kai sama baki buɗe. Ka tambaye su wannan ƙarya ne ko gaskiya, ka bar su su yi musu sosai. Sannan ka gaya musu cewa kusan wata guda kafin nan an yi wa garin Durango da ke yanki ɗaya irin wannan ɓarna, mutane sun mutu, amma yau mutum nawa ne a duniya suka san sunan Durango? Ni wannan tambayar ce ke taɓa ni a duk darasin, don mutanen can ma 'ya'yan wasu ne, abin da suka rasa kawai wanda zai zana su.

Za a samu wanda zai ce ai kyamara ba ta ƙarya. Ka nuna musu hoton Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a bakin ruwa da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan sirrinsa, a gefensa, da kuma wanda aka goge Yezhov bayan an kashe shi a 1940, wannan ya isa. Wanda ya fi buƙatar lokaci shi ne hoton da ba a taɓa komai a cikinsa ba, kamar wanda Sam Nzima ya ɗauka a Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yuni 1976, matashi ɗauke da Hector Pieterson ɗan shekara 12 da 'yan sanda suka harba, yayarsa na gudu a gefe tana kuka. Gaskiya ne tsantsa, amma yara da yawa aka kashe a boren nan na ƙin koyarwa da harshen Afirkans, akwai Hastings Ndlovu shi ma a ranar aka harbe shi, duniya dai fuska ɗaya ta riƙe. Ka gargaɗe su kafin ka haska shi, kuma wanda ya ce ba zai iya kallo ba ka ƙyale shi, ba ka san abin da yaro ya taɓa gani da idonsa ba.

Aikin ƙarshe su za su yi. Ka raba su rukuni-rukuni, ka ba kowa labarin abu guda a rubuce, shafi ɗaya, ka ce kowane rukuni ya fitar da zane ɗaya tak da za a rataye don mutanen da za su zo bayan shekara 100. Za su yi ta gardama kan wa za a sa a tsakiya, wane lokaci za a kama, kafin abin ko bayansa, kuma gardamar ita ce darasin. A bayan takardar su rubuta abu uku da suka bari a waje da dalilinsu, a kan wannan za ka ba da maki ba a kan kyan zane ba, in ba haka ba wanda bai iya riƙe fensir ba zai janye jiki tun farko. Ka manna zanukan a bango ka bar su nan, bayan sati biyu ba tare da sanarwa ba ka ce kowa ya rubuta abin da ya tuna na labarin, sannan ka raba musu shafin asali su gwada da abin da suka rubuta.