Kurakuran da muke yi in za mu bar aiki a Legas, da yadda za a gyara su

Wata shekara bayan Babbar Sallah da kamar kwana goma, ina tsaye a Agege ina jiran mota da sassafe wayata ta yi ƙara. Madam ce, matar da na kai wa ɗan ƙanwata aikin gadi a Lekki. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun yi ba, ta ce ina yaronka? Ya ce mata zai je gida Sallah kwana bakwai ya dawo, ta ƙara masa kuɗin mota har da shinkafa, yau kwana goma sha biyu wayarsa a kashe, kuma makullin ɗakin janareta da na ƙaramar ƙofa duk suna aljihunsa. Da na samu uwarsa a waya sai ta ce ai Yaya tun kafin ya taho ya gama shawara ba zai koma ba, wani ya samo masa aiki a Abuja. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ni na sa hannu a takardar garanto, hotona ne a manne a jiki, ni na je Lekki na ba da haƙuri na biya kuɗin canza kwaɗo, kuma har yau duk layin nan in ana neman mai gadi ba wanda yake kirana, alhali da mutum huɗu na kai musu.

Shi ya sa kuskuren da zan fara da shi kenan, don shi ne ya fi yi mana illa mu 'yan Arewa a garin nan: tafiya ba sallama. Zan je Sallah, zan je duba tsohuwa ba ta da lafiya, zan je noma in dawo bayan shuka, alhali ka san a ranka ka tafi kenan. Na san dalili fa, ba wai ban sani ba. Wani kunya ce take hana shi kallon idon oga ya ce zan bari, wani kuma tsoro yake in ya faɗa a riƙe masa albashin wata, kuma gaskiya akwai ogogin da suke yin hakan. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a Legas kusan babu wanda ya samu aiki da kansa, wani ne ya kawo ka, wani ne ya ce na san shi na san gidansu. Direban tanka a Apapa, yaron shago a Idumota, mai gadi a Ikoyi, yaron 'yan canji a Allen, kowa akwai wanda ya tsaya masa. In ka sulale shi za a kama, kuma ɗan uwanka da zai sauka a mota gobe yana neman aiki shi za a ce wa ai ku haka kuke. Gyaran ba wuya: ka fara zuwa wajen wanda ya kawo ka, ka ce Baba ko Yaya ga abin da ake ciki, in kana jin nauyin ogan ku je tare. Sau da yawa in da babba a wurin ko kuɗinka ba a iya riƙewa.

Sai maganar notis, wato sanar da oga tun da wuri cewa za ka bar aiki. Mutane da yawa ba su san doka ta faɗi kwanaki ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya a sashe na 11 ta ce in aikin bai wuce wata 3 ba notis ɗin kwana 1 ne, in ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba mako 1, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 mako 2, shekara 5 zuwa sama kuma wata 1. Kuma duk notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole a rubuce yake, ba da baki ba. Wannan dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, in kai manaja ne ko akanta ko injiniya to takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka ita ce alƙalinka, wani wurin wata ɗaya wani wata uku. Ka nemo ta ka karanta kafin ka buɗe baki. In sabon wurin suna gaggawa, akwai hanyar biyan kuɗi a madadin notis, ko ka roƙi oga ya yafe maka sauran kwanakin, amma a rubuta an yafe. Ita kuma takardar ajiye aikin ba sai ta yi tsawo ba, layi huɗu ya isa, ranar da ka rubuta, ranar da za ka tsaya, godiya, sa hannu. Ka yi kofi biyu a buga maka hatimi ko a sa hannu a ɗaya ka riƙe. Kada ka tura ta WhatsApp da tsakar dare ka ce ai na faɗa.

Wani kuma tun bai ga takardar sabon aiki ba, an dai ce masa a waya ka zo ranar Litinin, ya je ya ajiye na hannunsa. Daga ganin hadari ka zubar da ruwan randa, a garin da kuɗin haya na shekara ake biya. Ka jira takarda ta shigo hannu tukuna. Kuma kada oga ya ji a bakin masinja ko direba, ya ji daga bakinka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, miƙa aiki. Ni aikin sito na yi shekaru a wani kamfani a Ikeja, kuma ranar da na karɓi siton ba zan manta ba. Wanda na gada ya miƙo min zoben makullai guda goma sha wani abu, babu ko ɗaya da aka rubuta na ina ne, ya nuna min littafin kaya ya ce komai na ciki, ya kama hanya. Ashe komai a kansa yake ba a littafi ba. Shi ya san katan ashirin da ke can lungu kaya ne da kwastoma ya riga ya biya bai zo ɗauka ba, shi ya san mai kawo dizal sai an auna tanki a gabansa da sanda kafin ya sauke, shi ya san wane direba ne ake ba kaya bashi wane ne ba a ba. Ni ban sani ba na fitar da katan ɗin nan aka sayar, bayan sati biyu mai kaya ya zo da rasit, aka cire a albashina wata biyu. Mutumin ba mugu ba ne, kawai bai ɗauka abin da ya saba da shi wani bai sani ba.

To yadda ake yi, tun ranar da ka ba da notis ka sayi littafi ko ka buɗe fayil a kwamfuta, duk abin da ka yi a rana ka rubuta shi, har wanda kake gani ƙarami ne. Ƙarfe nawa ake kunna janareta, bayan awa nawa ake canza masa mai, lambar mai gyara, lambar mai tankar ruwa, ranar da masu shara suke zuwa, wa ake bin bashi nawa kuma yaushe ya ce zai biya, wane aiki ne aka fara ba a gama ba kuma a ina ya tsaya. In direba ne kai, rubuta ranar da takardun mota da inshora za su ƙare, yaushe aka yi sabis, wace taya ce aka yi wa faci, wane makanike ne ya san motar. In a ofis kake, fayil-fayil su koma inda kowa zai gani ba cikin wayarka ba, fasawod na imel ɗin kamfani da na shafin Facebook ko Instagram ka miƙa wa oga ko masu kula da kwamfuta su canza a gabanka, guruf ɗin kwastomomi da kai kaɗai ne admin ka ɗora wani kafin ka fita. Sannan ka roƙi a kawo wanda zai gaje ka ku yi ko kwana uku tare, rana ta farko ya kalle ka, ta biyu ya yi kana kallo, ka zaga da shi ka gabatar da shi ga mutanen da aikin ke bi ta hannunsu, ka ce wannan shi ne a madadina. Gabatarwar nan ta fi takarda amfani, musamman a kasuwa irin Mile 12 inda fuska ake sani ba suna ba.

Akwai masu ɓoye sani da gangan wai don a gane amfaninsu bayan sun tafi. Dan Allah a daina. Ogan ba shi zai sha wahalar ba, talaka ɗan uwanka da aka ɗauka a wurin shi zai sha faɗa har a kore shi a kan abin da bai sani ba.

Kuskuren da ke kai mutum ofishin 'yan sanda kuwa shi ne fita ba a ƙirga kaya ba. Ko kai waliyyi ne, duk abin da ya ɓace a wata uku masu zuwa sunanka za a kira, saboda wanda ba ya nan shi ne mai laifi. Don haka ka dage a yi lissafi a gabanka, a ƙirga kayan sito ko na shago ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da ke akwati, injin POS, laftof, waya, katin shaida, yunifom, tocila, makullai. A rubuta, kai ka sa hannu, mai karɓa ya sa, shaida ya sa, ka ɗauki hoton takardar ka tura wa garantonka shi ma ya ajiye. Addininmu ma ya ce a rubuta bashi a kafa shaidu, to ina ga amanar dukiyar mutane. Kuma in akwai bashin da ka ci a wurin aiki, ko na kofaretif ko adashen ma'aikata, ku zauna a fayyace yadda za a biya, kada ka bari a ji daga baya.

Sannan haƙƙinka kai ma kada kunya ta sa ka bar shi. Albashin kwanakin da ka yi Dokar Ƙwadagon nan ta ce a biya kafin notis ya ƙare ko ranar da ya ƙare. In kana da hutun shekara da ba ka ci ba ka tambaya yadda za a yi da shi. Fansho kuma, dokar 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin 100 kamfani ya ƙara kashi 10, kuma asusun naka ne ba na kamfani ba, duk inda ka koma lambar asusun nan ɗaya za ka ba su, kada ka buɗe sabo. Abin da ya kamata ka yi tun kana ciki shi ne ka nemi sitatimen daga kamfanin fanshonka ka duba ko da gaske ana zuba abin da ake cirewa, don akwai wuraren da suke cirewa a takarda ba sa turawa, kuma bin wannan kuɗin bayan ka fita ya fi wuya nesa ba kusa ba. In ba ka kai shekara 50 ba kuma ka yi wata 4 ba ka samu wani aiki ba, kana iya neman kashi 25 na abin da ke asusun, amma za su nemi takardar da ke nuna ka bar aiki, kaga amfanin fita da takarda kenan. Haka harajin da ake cire maka duk wata, ka karɓi lambarka ta hukumar haraji ta Legas da shaidar an biya, wata rana za a tambaye ka. Ka kuma nemi takardar shaidar aiki tun fuskarka tana gabansu, bayan shekara ɗaya wataƙila manajan da ya san ka ma ya tafi.

In kuma ka yi duk wannan aka ce ba za a biya ka ba, kada ka ɗauke kayan kamfani ka ce ka fanshe, nan take za ka koma ɓarawo kai da kake da gaskiya. Ka fara da manya, shugaban ƙungiyarku ko Sarkin Hausawan unguwarku. In bai yiwu ba gwamnatin Legas tana da cibiyar sasanci kyauta, wadda aka sani da Citizens' Mediation Centre, sannan ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Ikoyi. Duk inda ka je abin da za su fara tambaya takarda ce.

Na ƙarshe shi ne baki. Satin ƙarshe sai ka ga mutum ya fara zuwa ƙarfe goma, yana amayar da duk abin da ya haɗiye shekara biyar, ya zagi sufabaiza, ya hau sitatus yana habaici. Na san wani wurin an cuce ka da gaske, kuma in an tambaye ka dalilin tafiya ka faɗi gaskiya cikin ladabi, albashi ne ya yi kaɗan ko nisa daga Agege zuwa Ajah kullum ya gajiyar da kai. Amma rabuwar baram-baram ba ta ƙara maka ko sisi, kuma sabon wurin da za ka sukan kira tsohon su tambaya. Kwashe lambobin kwastomomi ka tafi da su ma cin amana ne, ko ba a kama ka ba.

Ni ranar da na bar siton nan, na ɗaura wa kowane makulli 'yar takarda da sunan ƙofarsa, na bi kowa har masu shara da 'yan lodi na ce a yafe min, na bar wa yaron da ya gaje ni lambata na ce wata ɗaya duk abin da ya shige maka duhu ka kira. Sau uku ya kira, biyu a kan dizal, ɗaya a kan wani rasit da ke cikin durowa ta ƙasa.