Yadda ake gane kayan ɗaki na katako zalla kafin a biya kuɗi

Tebur na farko da na saya da kuɗina, wata huɗu ya yi ya tsage. Da dare na ji ƙara "ƙas", da safe na tarar da tsaga tun daga baki har kusan tsakiya, wadda farce ke shiga cikinta. Katakon na gaske ne, ba a cuce ni ta nan ba, amma ɗanye ne aka yi aikin da shi, aka lulluɓe da fenti mai sheƙi. Tun daga ranar na daina tsayawa kallon fuskar kaya. Fuska an gyara ta ne domin idon mai saye. Gaskiyar kayan katako tana ƙarƙashi, tana baya, tana wurin da aka haɗa wannan da wancan.

Abu na farko, ka tabbatar katako ne zalla. Yawancin abin da ke cika shaguna yanzu garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka matse shi ya zama allo, wanda ake kira MDF, sannan aka manna masa siririn ɓawon katako ko leda mai zanen itace. Ka je bakin teburin, wato inda aka yanke allon a gicciye, ka duba da kyau. A katako zalla za ka ga layukan shekarun bishiyar sun lanƙwasa kamar baka, kuma zanen da ke sama ya gangaro ya haɗu da su. Idan kuwa ka ga zanen gefe yana tafiya dabam, ko ka hangi siririn layi inda aka liƙa wani abu, to rufi ne. Haka idan ƙulli iri ɗaya ya maimaita kansa a ƙofofi biyu ko uku, bugawa aka yi, don bishiya ba ta maimaita zane. Kada nauyi ya ruɗe ka: MDF ma yana da nauyi, wani lokaci har ya fi katakon. Ramin da aka ɗaura hinjin ƙofa shi ya fi faɗin gaskiya. Leƙa shi, in ka ga gari a matse, ka san abin da ke hannunka.

Sai dai kada ka ƙi kabad don kawai bayansa ko ƙasan durowarsa filawud ne. Kafintoci na ƙwarai ma suna yin haka, saboda filawud ba ya kumbura ko tsukewa sosai. Abin da ake so shi ne ƙafafu, firam, ƙofofi da saman su zama katako.

Na biyu, kuma nan ne na fi so ka daɗe: bushewa. Katako yana shan danshi daga iska yana kuma fitarwa, har ƙarshen rayuwarsa. In ya sha sai ya kumbura, in ya fitar sai ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Saman tebur mai faɗin mita 1 zai iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita 1 tsakanin lokacin danshi da lokacin bushewar iska. Shi ya sa katakon kayan cikin gida ake so danshinsa ya sauko zuwa kashi 12 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin a taɓa shi da zarto. Masu shanya shi a inuwa suna lissafa wajen shekara 1 ga kowane inci 1 na kauri, masu gasa shi a ɗakin busarwa kuma makonni suke yi. Ka tambayi kafinta kai tsaye: "Malam, wannan katakon yaya aka busar da shi, kuma tun yaushe yake ajiye?" Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai tsinke biyu, in yana da ita ka roƙe shi ya soka a ƙasan kayan a gabanka. In babu, ɗora tafin hannunka inda ba a yi fenti ba. Ɗanyen katako yana da sanyi-sanyi da ɗan laima, kuma warinsa yana da ƙarfi.

Daga nan sai ka durƙusa ka leƙa ƙasan teburin ka ga yadda aka kama samansa. Gwani yana barin masa hanyar numfashi: ramin sukurun ya ɗan yi tsawo, ko a sa ƙananan maƙalai da ke zamewa. Wanda aka danne da gam da ƙusa ta ko'ina, ranar da zai tsuke ba shi da inda zai je, sai ya tsage. Ka kuma lura ko an shafa wa ƙasan mai kamar yadda aka shafa wa saman, domin in gefe ɗaya ne kawai a rufe, allon zai riƙa shan danshi ta ɗaya gefen ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Na uku, mahaɗa. Kujera daga mahaɗarta take mutuwa. Haɗin da ke daɗewa shi ne wanda aka fafe rami a jikin ƙafa, aka fiƙe bakin ɗayan katakon ya shige ciki daram, sannan aka sa gam. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kujerar da ake zama a kai kullum, da sannu za ta yi lako-lako. Juya kujerar ka ga ko akwai ɗan guntun katako a kowace kusurwa da aka ɗaure da sukuru. Zauna, ka jingina, ka ɗan murɗa jikinka. Bai kamata ka ji kuka ko girgiɗi ba. In doguwar kujera ce, ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya sama da kamar santimita 15, ɗaya ƙafar gaban ya kamata ta biyo ta. In ta tsaya a ƙasa, firam ɗin yana murɗewa. Durowa kuma zaro ta gaba ɗaya, ka ga ko kusurwoyinta haƙora ne da suka shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Wannan aikin mai haƙuri ne, kuma in ka gan shi a durowa, da wuya sauran aikin ya zama na ha'inci.

Irin itacen ma a sani. Madaci da loko da tik (wato teak) suna da ƙarfi da juriya, tik kuma yana da maiƙo a jikinsa da ke kare shi daga ruwa. Farin katako mai laushi ba laifi ba ne ga shelf, amma teburin da yara za su yi ta bugu a kai zai cika da tabo. Danna farce a ɓoyayyen wuri, in ya lotsa cikin sauƙi, mai laushi ne, ko da an rina shi ya yi ja kamar madaci. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma fa sai in nagarin aka ba ka.

Kafin ka miƙe, haska fitilar wayarka a lunguna. Ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi a ƙarƙashinsu alama ce ƙwaro na ciki yana ci, kuma zai iya bin sauran kayan gidanka. Wannan ko an rage maka kuɗi ka bar shi. Fenti mai duhu da kauri sosai shi ma a yi masa kallo biyu, sau da yawa tsaga ce aka cike a ƙarƙashinsa.

In komai ya yi maka, ka sa a rubuta a rasit sunan itacen da kuma cewa katako ne zalla, da tsawon lokacin da za su gyara in ya tsage ko ya saki. Idan kayan sun iso, kada ka manna su da bango mai laima, kada kuma ka ajiye su inda rana ke dukansu ta taga kullum.