Kurakuran da aka fi yi wajen auna kamfanin sukari kafin sayen hannun jarinsa

Manhajojin sayen hannun jari sun sauƙaƙa lamari. Da ka danna sunan kamfani sai lambobi su jeru a gabanka: farashi, P/E (farashi a raba da riba), ROE (riba a raba da jari), ribar da aka raba bara. Mutum ya duba na minti biyu, ya ce wannan akwai araha, ya zuba kuɗinsa. A wasu kamfanonin akan tsira da haka. A kamfanin sukari na Najeriya kuwa, lambobin nan sukan ruɗi mai dubawa, saboda yadda sana'ar take: ɗanyen kaya da dala ake sayowa, galibi bashi, a tace shi, a sayar da naira. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba, kowane ma'auni ya lissafa a karkace zai karanta shi.

Mafi yawan misalan nan daga Dangote Sugar suke, don shi ne kamfanin da kusan sukari kaɗai yake yi, yana kasuwar hannun jari ta Legas tun 2007, rahotanninsa kuma a buɗe suke ga kowa. Ba cewa nake a saya ko kada a saya ba.

Raba farashin yau da ribar bara

P/E shi ne farashin hannun jari ɗaya a raba shi da ribar da ta faɗo wa wannan hannun jarin a shekara. Idan ya fito 5, ma'ana kana biyan naira 5 don kowace naira 1 ta riba. Ƙaramar lamba, in ji mutane, araha ce. Matsalar ita ce ribar da manhaja take rabawa da ita ta shekarar da ta wuce ce, kai kuwa ribar gobe kake saye.

A 2022 Dangote Sugar ya ci ribar sama da naira biliyan 54 bayan haraji. Hannayen jarinsa sun ɗan haura biliyan 12, ke nan kowane ɗaya ya tashi da kusan naira 4 da kobo 50. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, ya bar kasuwa ta yanke farashin canji. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta ƙare shekarar a kusan 900, ta kuma haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin ya rufe 2023 da asarar fiye da naira biliyan 70, a 2024 kuma asarar ta kai wajen biliyan 190. Duk wanda ya zauna a ƙarshen 2023 yana lissafin P/E da naira 4 da kobo 50 ɗin nan, da ribar da ta riga ta ɓace yake lissafi.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Matatar kamfanin da ke Apapa a Legas, mai ƙarfin tace tan miliyan 1.44 a shekara, ɗanyen sukarin Brazil take ci. Ana shigo da shi ta takardar lamunin banki, a biya daga baya idan an samu dala. A ce akwai dala miliyan 100 da ba a biya ba. A canjin 460, bashin naira biliyan 46 ne. Canji ya koma 900, bashin ya zama biliyan 90. An yi asarar biliyan 44 ba tare da buhu ɗaya ya jiƙe ba. Ɗan kasuwar Singa da ya taɓa ɗaukar kaya bashi da farashin dala, ya sayar, ya tara nairarsa, sannan canji ya tashi kafin ya biya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gyaran shi ne kafin ka taɓa P/E ka buɗe rahoton shekara, ka wuce shafukan farko masu hotuna, ka nemi bayanin haɗarin canjin kuɗi da ke can baya. A nan ake rubuta dala nawa ake bin kamfanin, dala nawa yake da ita a hannu, da abin da zai faru da riba idan naira ta faɗi da kaso kaza. Cire abin da yake da shi daga abin da ake bin sa, ka ninka ragowar da faɗuwar da kake ganin za ta iya aukuwa, ka sa sakamakon kusa da ribar shekara. In asarar da za ta iya fitowa ta kai ribar ko ta fi ta, to wannan P/E ɗin ba abin dogaro ba ne komai ƙanƙantarsa. Ya fi kuma ka ɗauki matsakaicin ribar shekara biyar, da mai kyau da marar kyau, a kan ribar shekara guda.

Akwai kishiyar wannan kuskure, shi ma ya yawaita: mutum ya ga an rubuta asara ya gudu bai tambayi daga ina ta fito ba. A 2023 aikin tace sukari da sayar da shi bai daina kawo riba ba. Asarar canji ce, wajen naira biliyan 170, ta haɗiye ribar aikin har ta wuce. Kamfanin da kayansa ba sa sayuwa daban yake da wanda canji ya doke shi, domin na biyun yana iya farfaɗowa da zarar naira ta tsaya wuri ɗaya. Saboda haka duba ribar aiki tukuna, wato kafin a cire kuɗin ruwa da asarar canji da haraji, sannan ka sauko ƙasa ka ga me ya cinye ta. Ka kuma bambance asarar canjin da aka riga aka biya da wadda take rubuce kawai. Amma kada ka bari a lallashe ka da cewa ta takarda ce kurum. Ranar biya tana nan tafe, kuma in naira ba ta dawo ba, da tsabar kuɗi za a biya.

Ɗaukar ƙarin ciniki a matsayin bunƙasa

Cinikin Dangote Sugar ya tashi daga wajen naira biliyan 403 a 2022 zuwa 441 a 2023, ya kai kusan 665 a 2024. Wanda ya tsaya a nan zai ce kamfani na haɓaka da kashi 50 cikin ɗari a shekara. Amma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kuma duk mai shan shayi ya san yadda buhu ya yi tsalle. Ciniki farashi ne a ninka da yawan kaya. Nemi yawan tan ɗin da aka sayar, akan faɗe shi a jawabin shugabannin kamfani ko a bayanin da ake yi wa masu jari, ka raba ciniki da shi. Idan tan bai ƙaru ba, tsada ce ta ƙaru, ba kasuwa ba. Ka kuma duba abin da ya rage a kowace naira 100 ta ciniki bayan cire kuɗin kaya. In da naira 20 take ragewa yanzu ta koma 10, kamfanin ya kasa ɗora wa masu saye duk nauyin da ya hau kansa.

Bashin da ba a kira shi bashi ba

Ma'aunin bashi da jari yana nuna naira nawa ta aro take aiki a kan kowace naira ta masu kamfani. Yawancin mutane layin rancen banki kaɗai suke ɗauka. A kamfanin da ke shigo da kaya, babban kaso na abin da ake bin sa yakan zauna a wani layin, ƙarƙashin kuɗin masu kawo kaya ko takardun lamunin da ba a warware ba. Akwai kuma takardun bashi na gajeren zango da kamfanoni ke sayarwa a kasuwa, na 'yan watanni, waɗanda sai an riƙa sabunta su. Tattara su duka kafin ka raba.

Ƙasan lissafin ma, wato jarin da ake rabawa da shi, yana da nasa tarkon. Idan kamfani ya sake kimanta filayensa da injinansa da farashin yau, jari yakan kumbura a takarda, ma'aunin bashi ya yi kyau dare ɗaya, alhali ko kobo bai shigo ba. Wannan ba maguɗi ba ne, ƙa'idar lissafi ta yarda da shi, sai dai banki ba ya karɓar sabuwar kima a madadin kuɗi. Ni na fi yarda da wani ma'aunin: ribar aiki a raba ta da kuɗin ruwan da aka biya a shekara. In ta ninka shi sau uku ko huɗu, da sauran numfashi. In ta gaza kai ɗaya, ana cin sabon bashi ne don a biya ruwan tsoho. A lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, kamar yadda ya yi a Nuwamban 2024, wannan lamba ta fi P/E muhimmanci nesa ba kusa ba.

ROE, wato riba a raba ta da jarin masu kamfani, shi ma yana yaudara bayan shekarun asara. Jari biliyan 200 da riba biliyan 40 ya ba da kashi 20. Asara ta cinye jarin ya koma biliyan 50, aka zo aka ci riba biliyan 20 kacal, sai ROE ya nuna kashi 40. Lamba ta ninka, kamfani kuwa ya rame.

Kaya a sito ba kuɗi a hannu ba ne. Ma'aunin da ke gwada dukiyar da za a iya juyawa cikin shekara da bashin da za a biya cikin shekara yakan yi kyau don kawai jirgi ya sauke ɗanyen sukari ana gab da rufe littafi, ko an tara kaya ana jiran azumi. Cire kayan sito ka sake lissafi, kuma ka gwada wata ukun bana da irinsa na bara, kada ka gwada shi da wata ukun da ya gabace shi. Ka tuna azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka cinikinsa yakan tsallaka daga wannan rubu'i zuwa wancan.

Gwada kamfanonin da ba tafiyarsu ɗaya ba

BUA Foods, da ya shiga kasuwa a Janairun 2022, yana da sukari, amma yana da fulawa da taliya da shinkafa. Idan ka ajiye ribarsa gaba ɗaya kusa da ta Dangote Sugar, ba sukari da sukari ka gwada ba. Rahotonsa yana da sashen da ke rarrabe cinikin kowane ɓangare, can za ka ciro na sukarin.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗauko matsakaicin ma'aunin kamfanonin sukari na duniya daga intanet a ɗora wa na gida. Masana'antar da ke noma rakenta, irin na Brazil ko Kenana ta Sudan, tashin farashin ɗanyen sukari alheri ne gare ta. Na Brazil ma suna da zaɓin juya raken zuwa man itanol idan ya fi riba. Matatar da ke sayo ɗanye kuwa, tashin farashin nan ciwo ne. A Nuwamban 2023 ɗanyen sukari ya kai wajen senti 28 kowace laba a kasuwar New York, tsadar da aka yi fiye da shekara goma ba a gani ba, bayan Indiya ta taƙaita fitar da nata. Labari ɗaya, wani na murna, wani na lissafin asara. Fara tambayar kashi nawa na sukarin kamfanin ya fito daga gonarsa. A Najeriya har yanzu sama da kashi 90 na abin da ake sha daga waje ɗanyensa yake zuwa.

Gonaki da hannun gwamnati

Tun da aka amince da babban tsarin bunƙasa sukari na ƙasa a 2012, izinin shigo da ɗanye da rangwamen haraji an ɗaure su ne da alkawarin noma rake a gida, Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa kuma ke sa ido. Shi ya sa Dangote yake da Numan a Adamawa da Tunga a Nasarawa, BUA yake da Lafiagi a Kwara, Golden Sugar kuma Sunti a jihar Neja. Abu biyu ne wannan yake yi wa lissafinka.

Na farko, wani kaso na ribar da kake gani kariyar gwamnati ce ta samar da shi, tunda kamfanoni ƙalilan ne ke da izinin, tataccen sukarin waje kuma harajinsa ya fi nauyi ƙwarai. Babu ma'aunin da zai nuna maka ranar da za a sauya wannan, sai dai ka rage wa hasashenka ƙarfi saboda shi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Raken da ke tsaye a gona ana yi masa kima a rubuta shi cikin kadara, kuma idan kimar ta ƙaru, ƙarin yakan shiga cikin riba tun ba a yanke kara ɗaya ba. Cire wannan ka ga abin da ya saura. A ɗaya ɓangaren, kuɗin da aka binne a share daji da haƙa magudanar ban ruwa da kafa injin da bai fara aiki ba yana ƙara yawan kadara ba tare da kawo ciniki ba tukuna, sai ma'aunin riba da kadara ya faɗi, wanda bai sani ba ya ce lalaci ne. Abin da ke raba gardama a nan shi ne shafin shige da ficen tsabar kuɗi: nawa aiki ya kawo, nawa aka kashe a gini da injina, saura nawa. In shekara uku a jere riba na hawa amma tsabar kuɗin aiki ba ta biyo ta ba, akwai tambayar da ba a amsa ba.

Rabon riba da ma'aunin shari'a

Kason rabon riba da manhaja ke nunawa na bara ne, ba alkawari ba ne. Dangote Sugar ya yi shekaru yana rabawa, da asara ta zo a 2023 sai aka tsaya. Duba ko tsabar kuɗin da ta rage bayan ayyuka ta isa biyan rabon, ko da aro ake yin sa.

Masu kiyaye halacci kuma sukan ce ai sukari halal ne, su tsaya nan. Ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, wadda masu tace hannayen jari da yawa ke bi, tana so bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shigar da ba su halatta ba kuma kada su wuce kashi 5. Bashin dala yana kumbura idan naira ta faɗi, darajar kamfani a kasuwa tana sauya kullum, don haka hannun jarin da ya tsallake awon a bara yana iya faɗuwa a bana. Kamfanonin da ke kasuwar Legas suna fitar da rahoto duk wata uku, kowane rahoto ya fito sai a sake lissafin da sababbin alƙaluma.