Yadda ake gano kusurwar karkata da sensar MPU6050

In kana haɗa jirgi mara matuƙi ko ɗan robot mai taya biyu da ke tsayuwa da kansa, dole ne na'urar ta san digiri nawa ta karkata. A cikin MPU6050 akwai sensa biyu, jairo (mai auna gudun juyawa) da akselaromita (mai jin jan ƙasa da motsi), kuma wlh kowacce da kalar matsalarta, shi ya sa ba a dogara da ɗaya.

Da farko haɗa SDA da SCL (ƙafafun da sensar ke aika bayani ta kansu) da Arduino ɗinka, adireshinta 0x68 ne, sai ka rubuta 0 a rijista 0x6B don ta farka, tunda a barci take tashi in an ba ta wuta.

Daga nan ajiye ta a kan tebur, kar ka taɓa, ko tebur ɗin ma kar a jijjiga. Karanta jairo kamar sau 1000 ka ɗau matsakaici, za ka ga ba sifili ba ne duk da ba ta motsi, to wannan lambar ita za ka riƙa cirewa daga duk karatun da ya biyo baya. Mutane da yawa nan suke tsallakewa sannan su zo suna cewa sensa ta lalace. Abin da ya rage ka raba da 131 in tana kan saitin digiri 250 a sakan, ka samu digiri a sakan.

Akselaromita kuwa jan ƙasa take ji, tana ba da karatu uku, ax, ay da az, ɗaya a kowace fuska, karkatar gefe ita ce atan2(ay, az), ta gaba da baya atan2(-ax, sqrt(ay*ay + az*az)), ka mayar da su digiri. A zaune gaskiya take faɗa, amma da injin da ke juya taya ko farfela ya fara karkarwa lambobin sai su hau tsalle. Jairo ba ruwansa da karkarwa sosai, sai dai shi gudun juyawa yake aunawa, sai ka ninka da dt, wato lokacin da ke tsakanin karatu biyu, kana tarawa, ɗan kuskuren ma yana taruwa har kusurwar ta zame.

To sai a haɗa su:

kusurwa = 0.98*(kusurwa + jairo*dt) + 0.02*kusurwar akselaromita

Ma'ana a motsin gaggawa jairo ake bi, akselaromita kuma tana janyo shi kan hanya a hankali. In kana karantawa sau 100 a sakan, wannan 0.98 ɗin na nufin wajen rabin sakan kenan ake yarda da jairo. Don Allah dt ɗin nan auna shi da micros() a kowane zagaye, kar ka yi kintace, don Serial.print kaɗai na iya ja maka lokaci. Ni a ganina ka ƙware a wannan tukuna kafin ka tafi filtar Kalman ko ta Madgwick.

Gwaji, karkata ta da hannu ka mayar, in tana jan ƙafa kafin ta daidaita rage zuwa 0.95, in tana rawa ƙara. Juyin hagu da dama kam jan ƙasa bai san da shi ba, zai ci gaba da zamewa sai ka ƙara magnetomita, sensar da ke aiki kamar kamfas.