Yadda ƙungiyar unguwa za ta auna ƙarfin masu kare haƙƙinmu a Kumasi

A ƙungiyar matanmu ta Aboabo, aikin da ya faɗo kaina shi ne rakiya. A kama ɗan wata, ni ce mai raka uwar caji ofis. Miji ya daki matarsa, ni ce a gefenta a bencin jira. A tsare wani da tambayar asalin kakansa wurin yin katin ɗan ƙasa, nan ma a aiko a kira ni. Wannan zirga-zirgar ta nuna mini cewa dokokin Gana ba su da laifi a takarda. Abin da ya kamata mu sani shi ne, idan talaka ya shiga ofis da kukansa, ofishin yana da ma'aikata, kuɗi da niyyar da za su kai ƙarar har ƙarshe? Ana iya gano wannan. Ƙungiyar samari, ta mata, ko kwamitin masallaci duk za su iya, ba sai an jira baƙi masu takardun tambayoyi ba.

Ku fara da sanin abin da aka yi mana alkawari, domin shi ne olonkar da za ku yi awo da ita. Babi na 5 na tsarin mulkin 1992, daga sashe na 12 zuwa na 33, nan aka jera haƙƙoƙinmu. Sashe na 14 ya fi shafar mu a zango: wanda aka kama dole a gaya masa dalili nan take cikin harshen da yake ji, a sanar da shi yana da damar ɗaukar lauya, kuma a kai shi gaban kotu cikin awa 48 in ba a sake shi ba. A 2019, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin awa 48 ɗin. Saboda haka "sai Litinin" ba amsa ba ce ga wanda aka kama ranar Alhamis. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne. Ku sa wani ɗalibi ya rubuta waɗannan da Hausa a takarda ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya riƙe kwafi.

Sai ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk aikin a cikinsa yake. Duk ƙarar da ɗayanku ya raka, a rubuta ranar da aka je, wane ofis, muƙamin wanda ya saurare ku, ko an ba da lambar ƙara ko wata takardar shaida, nawa aka kashe har da kuɗin mota, da wane harshe aka yi magana, sau nawa aka ce a dawo, kuma yaya ta ƙare. Kada sunan mai ƙara ya shiga littafin. Ku ba kowa lamba, sunayen su zauna a wata takarda dabam wurin mutum ɗaya amintacce. Kuma ku nemi yardar mai ƙarar kafin ku rubuta komai, musamman mata, domin a unguwa irin tamu magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Bayan wata shida littafin zai gaya muku abin da jita-jita ba za ta iya ba: inda ƙara take tafiya, da inda take mutuwa.

Yanzu ofisoshin. Hukumar CHRAJ an kafa ta a 1993 da Doka ta 456, an ɗora mata aiki uku: kare haƙƙin ɗan Adam, bin kadin wanda ma'aikatar gwamnati ta zalunta, da binciken cin hanci. Kai ƙara wurinta ba a biyan ko kwabo, kuma wanda bai iya rubutu ba zai faɗa da baki a rubuta masa. Abu biyu na dokar ku riƙe. Hukumar tana iya ƙin karɓar ƙarar da mai ita ya san da ita fiye da wata 12 bai kawo ba, don haka kada a yi ta jan ƙafa. Na biyu, idan ta yanke shawara aka yi wata uku ba a bi ba, tana da ikon zuwa kotu ta nemi a tilasta. Wannan na biyun shi ne wurin gwaji. Ku je da ladabi, ku gaida shugaban ofishin, ku tambaya: masu bincike nawa gare ku, gundumomi nawa suke kula da su, akwai motar fita, ƙararraki nawa kuka rufe bara, nawa aka yi sulhu, nawa kuka kai kotu don a tilasta? Ofishin da bai taɓa kai kowa kotu ba, ko dai kowa yana jin maganarsa, ko kuma ba shi da lauya da kuɗin yin hakan, kuma littafinku zai nuna muku wanne ne.

A sashen DOVVSU na 'yan sanda, wanda aka fara a 1998 domin mata da yara, idonku zai fi bakinku aiki. Akwai ɗakin da yarinya za ta yi magana ba kowa ya ji ba? Akwai 'yar sanda mace a ranar? In mai ƙara ba ta jin Turanci ko Tonanci, wa yake fassara mata? Na sha ganin yarinya 'yar kayaye, wato mai dakon kaya a kasuwa, daga arewa tana zaune shiru saboda babu mai jin harshenta, a rubuta cewa ba ta da abin faɗa. Dokar hana cin zarafi a gida ta 2007, Doka ta 732, ta ce wadda 'yan sanda suka tura asibiti gwamnati ce za ta ɗauki nauyin maganinta. Amma sanannen abu ne cewa mata da yawa ana neman kuɗi wurinsu kafin likita ya cika takardar 'yan sanda, kuma a nan ƙararraki masu yawa suke tsayawa. Ku rubuta nawa aka nema a kowace ƙara. Sannan ku yi tambayar da ta fi ci mini rai: matar da ba za ta iya komawa gidan ba, ina za ta kwana yau? In amsar ita ce "ta je wurin 'yan'uwanta", to ku rubuta cewa babu mafaka.

Hukumar ba da lauya kyauta, wadda dokar 2018 ta sabunta, tambayarta gajera ce: lauyoyi nawa ne a jihar Asante, kuma mutum yana jira tsawon wane lokaci kafin a ba shi ɗaya.

Maganar kuɗi kuwa, kada ku tsaya ga abin da aka karanta a majalisa. Abin da aka amince a kasafi dabam, abin da ya iso hannun ofis dabam. Dokar samun bayani ta 2019, Doka ta 989, ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, kuma jami'in yana da kwana 14 ya ba da amsa. Ku rubuta wasiƙa ɗaya mai tambaya ɗaya: nawa aka ware muku bara, nawa aka sako? Ku sa a buga muku hatimi a kwafinku. Ko amsar ba ta zo ba kun koyi wani abu game da ofishin, kuma akwai hukumar da dokar ta kafa don kai kukan irin wannan.

Akwai awon da ba a yi a bakin tebur, wato yadda hukuma take yi idan nata ne suka yi laifin. Mu mutanen Kumasi ba mu manta da Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe samari bakwai na zangon Asawase a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Unguwa ta tashi, gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai ga shaidar cewa 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000. Iyalan sun daɗe suna tambayar ina aka kwana kan gurfanar da masu harbin. A Ejura ma, a Yunin 2021, bayan mutuwar Kaaka, wani ɗan fafutuka na garin, da harbin masu zanga-zanga, kwamiti aka kafa. Idan irin wannan ta faru, ku raba tambayoyinku: an yi bincike, an fitar da rahoton a fili, an biya diyya, an kai wani gaban alƙali, an canza wani abu don kada a sake? Kowacce ku ba ta amsarta dabam, domin diyya takan rufe bakin sauran. Ku kuma lura cewa ofishin da yake karɓar koke a kan 'yan sanda a cikin rundunar yake, shi ya sa ƙungiyoyi suka daɗe suna neman a kafa mai zaman kansa.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma da littafin nan za a auna su, kada a raga musu don sun zo da riguna da lemo. Kowacce a auna ta da abin da ta ce tana yi. FIDA lauyoyi mata ne masu taimaka wa mata da yara a shari'a. Gidauniyar POS tana cikin shirin da aka fara a 2007 na kai alƙalai gidan yari su duba waɗanda suka daɗe a tsare ba hukunci. CDD bincike da nazarin mulki ne aikinta, ba za ta raka ki caji ofis ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Wadda ta zo unguwarku ku tambaye ta takardar rajista, wa yake ba ta kuɗi, yaushe kuɗin zai ƙare, kuma wa zai riƙe ƙararrakin da ke hannunta bayan nan. Ku nemi ta nuna muku ƙara ɗaya da ta bi har hukunci. Ku duba ko bakinta yana buɗewa a mulkin manyan jam'iyyun nan biyu, NPP da NDC, duka.

Sai namu na gida, kuma a nan nake roƙon iyayenmu su yi mini haƙuri. Yawancin kuka a zango wurin sarki, liman ko magajiya yake fara zuwa, kuma suna kashe wutar da kotu za ta shekara ba ta kashe ba: rigimar haya, ciyar da yara, gado. Allah ya saka musu. Amma fyaɗe da lalata da ƙaramar yarinya laifi ne da doka ba ta yarda a sasanta a zaure ba, kuma dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Ku rubuta sau nawa irin wannan ta zo wurin manya, sau nawa aka miƙa ta ga hukuma, sau nawa aka ce a rufa asiri. Shafin nan zai fi kowanne nauyi wurin karantawa a taro, amma a karanta shi.

Idan wata shida ta cika, ku zauna ku raba matsalolin gida biyu: inda ma'aikaci yake so amma babu kayan aiki, da inda kayan suna nan amma babu niyya. Na farko kukansa wurin ɗan majalisa da asambuliman, wakilin unguwa a majalisar gunduma, za a kai, domin su ne masu magana a kan kasafi. Na biyu wurin shugaban ofishin, in bai ji ba a wuce sama. Ko wanne ne, ku fara kai wa ofishin abin da kuka rubuta kafin ku je gidan rediyo, ku ba su dama su gyara kuskuren lissafinku in akwai, ku rubuta amsarsu kusa da naku. Ku ba ƙungiyoyin da ke haɗa rahoto zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya kwafi, tunda ana duba Gana lokaci-lokaci, kamar yadda aka yi a 2017 da 2023. Sannan ku sa rana, bayan wata shida, ku koma ofisoshin nan da tambayoyin da kuka yi da farko, ba tare da canza ko ɗaya ba.