Yadda Za Ka Gane Ko Kulob Ɗin Ƙwallon Ɗanka A Amurka Zai Kai Shi Babbar Jami'a

A Amurka ƙwallon yara kasuwa ce. Iyaye ne ke biyan kuɗin rajista da na riguna, su biya mai da otel duk lokacin da ƙungiya za ta tafi gasa wata jiha, kuma a shekara abin yakan kai dubban daloli. Yawancinsu suna jurewa ne saboda fatan wata rana yaron ya buga wa babbar jami'a, a sauƙaƙa masa kuɗin makaranta. Na sha ganin 'yan'uwanmu na Bronx da sauran garuruwa sun kwashe shekaru suna biya, sai yaro ya shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, sannan a gane babu kocin jami'ar da ya taɓa ganin wasansa. Ga yadda ake bincike tun kafin a kai ga haka.

Na farko: san faɗin ƙofar da kake nufa

Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin manyan jami'o'i, ta kuma raba su rukuni uku. A rukuni na ɗaya, wanda shi ne mafi girma, jami'o'in da ke da ƙungiyar ƙwallon maza sun ɗan haura 200, na mata kuwa sun haura 300. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa cikin samari 100 da ke buga ƙwallo a sakandare, waɗanda ke kaiwa rukuni na ɗaya ba su kai 2 ba. Kuma ɗanka ba da yaran Amurka kaɗai yake takara ba. Kociyoyi suna ɗebo samari daga Ingila, Jamus, Sifaniya, Brazil da Ghana, da yawansu sun girme shi, sun kuma riga sun goge a manyan makarantun horo. Jami'ar Marshall da ta ci kofin ƙasa na kakar 2020, baƙi ne suka cika ƙungiyarta. Abu Danladi daga Takoradi ya fito, ya bi ta makarantar Right to Dream a Ghana, ya buga wa jami'ar UCLA, sannan ƙungiyar Minnesota United ta ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2017 na MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Irinsa ne ke neman gurbin da ɗanka ke nema.

Batun kuɗi ma a rage buri. Har zuwa 2025, cikakken tallafin karatu 9.9 kacal aka yarda ƙungiyar maza ta raba wa 'yan wasanta gaba ɗaya, ta mata 14. Yanzu jami'o'in da suka shiga sabon tsarin da NCAA ta fara a 2025 an iyakance musu 'yan wasa 28 ne a madadin haka, amma wannan bai tilasta musu ƙara kuɗi ba. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kwabo, haka ma irin su Harvard da Princeton.

Na biyu: tambayi gasar da ƙungiyar ke bugawa

Kocin jami'a ba ya yawo filin unguwa. Yana zuwa inda zai ga gwanaye da yawa a wuri ɗaya cikin kwana biyu ko uku. Ga maza, wuraren su ne manyan gasannin matasa guda biyu: MLS Next, wadda aka kafa a 2020 bayan hukumar ƙwallon Amurka ta rufe nata tsarin horon matasa, sai kuma ECNL. Ga mata, ECNL ce a gaba tun 2009, sai Girls Academy.

Kula da wani abu a nan. Kulob ɗaya yakan mallaki ƙungiya uku ko huɗu a shekaru ɗaya, duk riga iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Ta farkon ce kawai ke buga babbar gasar. Saboda haka kada ka tsaya a kan sunan kulob, tambayi ainihin gasar da ƙungiyar ɗanka za ta buga a wannan kaka. Idan yaron bai wuce shekara 12 ba, ni ban ga dalilin kashe kuɗin tafiye-tafiye ba sam. Kulob na kusa da gida mai koci nagari ya ishe shi.

Na uku: nemi sunayen waɗanda suka gama, ka bi su ɗaya bayan ɗaya

A nan ne akasarin iyaye ke faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya. Kowane kulob zai nuna maka allo cike da tambarin jami'o'i, ya ce yaransa sun je can. Ganin Stanford ko Georgetown a bango yakan sa uba ya ciro katin banki nan take. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka ce wa shugaban kulob ɗin ya ba ka jerin duk yaran da suka gama a shekaru uku na baya, da inda kowannensu ya tafi. Duka nake nufi, har da waɗanda ba su je ko'ina ba. Wanda ya fara kame-kame a wannan gaɓa ya riga ya ba ka amsa.

Da jerin ya zo hannunka, buɗe shafin intanet na ƙungiyar kowace jami'a. Suna wallafa sunayen 'yan wasansu, garin da suka fito, sau da yawa har da kulob ɗin da suka baro, da yawan wasanni da mintunan da kowa ya buga. Abu huɗu za ka duba.

Sunan yaron yana cikin ƙungiyar kuwa? Wani ya shiga jami'ar ce da takardunsa a matsayin ɗalibi, bai taɓa sa rigarta ba, amma an liƙa tambarin a bango. Idan yana ciki, yana buga wasa ko zaman benci yake? Yana nan har shekara ta biyu da ta uku, ko ya ɓace? Tun da aka buɗe tsarin sauya sheƙa tsakanin jami'o'i a 2018, kociyoyi da dama sun fi son ɗauko wanda ya riga ya goge a wata jami'a, kuma sabbin shiga ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Na huɗun ya fi sauran muhimmanci: shekara nawa yaron ya yi a kulob ɗin? Akwai kulob ɗin da ke rainon ɗan wasa tun yana ɗan shekara 10, akwai kuma wanda ke jira wasu su yi wahalar, sai ya janye gwanayen suna da shekara 16 ya ce nasa ne. Idan duk waɗanda suka kai manyan jami'o'i shekara ɗaya ko biyu suka yi a wurin, to kuɗinka ne zai riƙa ɗaukar nauyin tafiyarsu, ɗanka kuma za a tura shi ƙungiya ta biyu ranar da wani gwani ya iso. Wannan ba za ka same shi a intanet ba. Je ka kalli atisaye, ka tsaya kusa da iyayen manyan yara, ka tambaye su su wa aka fara da su kuma ina suke yanzu. Sun fi kowa sani, kuma ba sa ɓoyewa.

Ƙaramin kulob da bai taɓa kai kowa rukuni na ɗaya ba, ba lallai ne ya zama na banza ba. Tambaye su yara nawa suka miƙa wa makarantun horo na ƙungiyoyin MLS, irin na New York Red Bulls ko NYCFC, inda galibi ba a biyan kuɗin horo. Kocin da ke kiran babban kulob da kansa ya ce a zo a ga yaronsa, shi nake so ka riƙe.

Na huɗu: ƙirga mintunan da ɗanka ke bugawa

Dokata ita ce, gara ya buga cikakken wasa a gasa ta biyu da ya yi zaman benci a ta farko. Ba a ɗaukar wanda ba a gani ba. Idan kaka ta ƙare bai buga rabin lokacin wasanni ba, ku zauna da koci, in babu gamsasshen bayani ku canja wuri. Ka kuma sani, yawanci ba a barin yaran MLS Next su buga wa makarantarsu ta sakandare, don haka a yi shawara da yaron tukuna.

Na biyar: karatu, tun daga aji 9

Rukuni na ɗaya yana buƙatar darussa 16 da NCAA ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 a ma'aunin da ke kaiwa 4, kuma 10 daga ciki sai an gama su kafin a shiga aji 12. Wannan mafi ƙaranci ke nan, jami'o'in da suka amsa sunansu suna neman fiye da haka nesa ba kusa ba. Yi wa yaron rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, ka je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsa ka tabbatar darussan da yake ɗauka suna cikin jerin. Wanda ya fara sakandare a Kumasi, Kano ko Yamai kafin ya zo, a tanadi takardunsa na can da wuri, domin tantance su na cin lokaci. Kulob irin South Bronx United yana haɗa ƙwallo da taimakon karatu da neman jami'a, kuma ga iyali mai ƙaramin ƙarfi wannan ya fi kofi goma.

Na shida: yaron ya nemi kociyoyi da kansa

Kocin rukuni na ɗaya ba shi da izinin tuntuɓarsa sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, amma shi yana iya aika imel kafin nan. Bidiyo na minti huɗu ko biyar ya isa, abubuwa mafi kyau a farko, ba kiɗa. Shi zai rubuta, ba kai ba. Sansanonin gwaji na kuɗi kuwa, kada ku je sai wanda koci ya kira shi da sunansa bayan ya ga wasansa. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi su ce za su nema masa jami'a, ku bar su.

A sa jami'o'in rukuni na biyu da na uku, da na NAIA, wata hukumar wasannin ƙananan jami'o'i daban da NCAA, da kwalejojin shekara biyu a cikin lissafi. Idan an yi tayi, alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. A nemi takardar tallafi a rubuce, a cire adadin daga jimillar kuɗin makaranta, kwana da abinci, a ga abin da ya rage a wuyanka kafin yaron ya sa hannu.