Shagon fiza a Amurka: abin da sabon zuwa zai sani kafin ya nuna da yatsa

Da wuya mutum ya cika mako biyu a New York wani bai ja shi shagon pizza ba, wato fiza a bakin mutanenmu. Ita ce abincin da ya fi sauƙin samu, dare da rana, daga Bronx har Brooklyn, kuma haka abin yake ga 'yan'uwan da suka sauka Philadelphia ko Greensboro. A nan ne kuma sababbin zuwa ke ta maimaita kurakurai guda biyu: cin alade ba da sani ba, da tashi daga tebur an bar ma'aikaci yana cizon yatsa. Duka biyun daga allon farashin shagon da aka rubuta "special" a kansa suke farawa.

Shagunan iri biyu ne. Akwai na kanta, inda fizar ke jere a bayan gilashi, ka zaɓi yanka ɗaya ko biyu a mayar maka cikin tanda ta yi zafi, ka biya nan take. Akwai na zama, inda za ka tsaya a ƙofa sai an nuna maka tebur, a kawo takardar abinci, ka biya bayan ka gama. A na kanta kalmomi uku sun ishe ka. "Plain slice" yanka ne mai miyar tumatir da cuku kawai. "Pie" ita ce fiza sukutum. In aka tambaye ka "to stay or to go", ana nufin nan za ka ci ko tafiya za ka yi da ita. Sai ka duba takardar da ke manne a tagar shago: tun 2010 hukumar lafiya ta birnin New York ke ba gidajen abinci maki A ko B ko C kan tsafta. Wannan duk yaro ma zai koya a rana ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne nama. Wanda ya taɓa cin fiza a Makka ko Jidda ya saba da pepperoni na naman shanu, sai ya iso nan ya hango jajayen da'irorin nan a bayan gilashi, gefensu ya ɗan nannaɗe, mai ya taru a tsakiya, ya nuna da yatsa cikin murna. To a Amurka pepperoni na yau da kullum haɗin alade da naman shanu ne. In ba a rubuta ƙarara cewa na shanu zalla ne ba, ka ɗauka da alade a ciki. Kuma kalmar "pork" da aka koya maka ka guje ta ba za ka gan ta a takardar abincin ba, domin kowane irin naman alade da sunansa: ham, bacon, Canadian bacon, sausage, salami, prosciutto, pancetta, capicola, soppressata. Ka rubuta su a wayarka. Ƙwallon naman da ake kira meatball ma kada sunan ya ruɗe ka, gidaje da yawa suna haɗa shanu da alade a cikinsa, kuma yaron da ke kanta sau da yawa bai san abin da aka zuba ba tunda a daskare aka kawo musu.

Saboda haka tambayar "akwai alade?" ba ta wadatar ba. Za a iya ce maka babu da zuciya ɗaya, alhali ga ham a kai, don mai amsawar bai haɗa su a ransa ba. Jera masa za ka yi: "no pork, no ham, no bacon, no pepperoni, no sausage." Ba rashin kunya ba ne. Mutanen ƙasar nan sun saba da masu cewa ba sa cin wannan, wancan na sa musu ƙaiƙayi, babu mai yi maka kallon banza. Mu ne dai kunya ke hana mu magana, sai an kawo abinci a fara tsince nama da cokali ana turawa gefe, bayan mansa ya riga ya ratsa cukun gaba ɗaya.

Fizar da gida ke tinƙaho da ita, wadda aka raɗa wa suna, ita ta fi haɗari. Supreme da Meat Lover's ba sai an faɗa ba, cike suke da irin waɗannan naman. Hawaiian da ake zaton abarba ce kawai, abarba ce da ham. Ta kaza mai farin miya da ake kira ranch yawanci da gutsattsarin bacon, wasu gidajen har ta kaza mai miyar barbecue suna barbaɗa mata. Calzone, wadda aka naɗe kamar babban fanke, a New York sau da yawa da ham a cikinta ko ba a faɗa ba, stromboli kuwa cike yake da irin waɗannan naman. Mai zuwa Chicago ya kula da deep dish, mai zurfi kamar kasko: cuku na ƙasa, miyar tumatir na sama, naman yana ɓoye a tsakani, ido ba ya ganinsa, kuma takan ɗauki minti 30 zuwa 45 kafin ta gasu. Ta Detroit mai kusurwa huɗu, a al'adance ƙarƙashin cuku ake shimfiɗa pepperoni. Kada ka yarda da abin da idonka ya gani a sama. Ko salak ka nema, ka ce kada a sa bacon.

Sai barasa. Miyar nan mai ruwan hoda da ake kira vodka sauce ba suna kawai ba ne, da giyar vodka ake dafa ta, kuma dafuwa ba ta kore ta duka. Chicken marsala ma da giyar inabi ake yi. Duk abin da aka rubuta "beer-battered" a kansa, da giya aka kwaɓa fulawar suyarsa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takarda. Tsaya ka kalli hannun mai yanka: ƙarfe ɗaya ne mai zagayayyen kaifi, ya gama ratsa ta pepperoni yana kyalli da jan mai, ya juyo kan taka. Haka faranti, haka ƙasan tandar da ake ɗumama yanka-yanka. In wannan ya dame ka, mafita ita ce ka sayi fiza sukutum ka ce a yanka da ƙarfe mai tsafta, ko ka ce kada a yanka sam, ka je gida ka sa wuƙarka. A na kanta da tsakar rana, layi har waje, ba lallai a saurare ka ba, gaskiya ke nan.

Naman kaza da na shanu a shagon da ba na halal ba, wannan magana ce ta malamai. Wasu sun halatta yankan Ahlul Kitabi, wasu sun ce yankan injin masana'anta bai shiga ciki ba. Haka batun sinadarin daskarar da madara: yawancin cukun da ake yi a masana'antun Amurka ba daga cikin dabba ake samo nasa ba, amma Parmigiano na asali da na cikin ɗan maraƙi ake yi. Ka tambayi limamin masallacinku sau ɗaya ka tsaya a kan abin da ya natsar da kai, kada ka mayar da teburin cin abinci zauren muhawara. Abin da na fi ba sabon zuwa shawara shi ne ya tsaya kan ta cuku zalla, ko Margherita mai tumatir da cuku da ganyen basil, ɗan'uwan ɗoɗɗoya, ko ta kayan lambu: albasa, koren tattasai, zaitun, alayyahu, da mushroom, wanda mu ma naman kaza muke ce masa ko da yake bai taɓa yin fiffike ba. White pie babu tumatir, cuku ne iri biyu da tafarnuwa. Anchovy ƙananan kifi ne, halal ne, sai dai gishirinsu ya fi ƙarfin yawancin mutane. Dakakken barkonon da ke kan kanta kyauta ne, amma ga bakin da ya saba da yajin tsire wasa ne, shi ya sa za ka ga hajiyoyinmu da ɗan ƙullin yajinsu a jaka.

Alhamdu lillahi, yanzu ba kamar da ba. A Bronx da Brooklyn da Queens, da Paterson a New Jersey, balle Dearborn a Michigan, akwai shagunan fiza na halal masu pepperoni na shanu, kuma mutanenmu da ke aikin kai abinci a kan keke sun san kowane lungu da suke. Tambayi ɗaya daga cikinsu bayan sallar Juma'a, ya fi maka binciken intanet. Ka dai tabbatar ko duk shagon ne halal ko kazar ce kawai, domin akwai masu rubuta halal a taga suna kuma sayar da na alade a tanda ɗaya. Wata dabarar da da yawa ba su sani ba ita ce shagon fiza na Yahudawa mai shaidar kosher, wato abincin da ya halatta a addininsu. Addininsu ya hana haɗa nama da madara, don haka babu nama ko ɗaya a irin wannan shago, balle alade. Suna rufewa daga yammacin Juma'a har faɗuwar ranar Asabar. Kosher dai bai hana barasa ba, ka ci gaba da kula da miyar vodka.

Mu koma ga allon. Kalmomi biyu ne masu kama da juna. "Special" rangwame ne, kamar yanka biyu da gwangwanin lemo a farashi ɗaya da rana. "Specialty" fiza ce mai suna, kuma ita ta fi tsada a shagon. Rangwamen yana da sharuɗa a ƙananan haruffa: daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ranakun aiki kawai, abu ɗaya za a ɗora a kai, kowane ƙari da kuɗinsa, ko sai ka zo ka ɗauka da kanka. A gidan zama kuma ma'aikaci kan tsaya ya karanto "na musamman na yau" da ka, da sauri, babu farashi. Tambayi nawa ne da abin da ke ciki kafin ka gyaɗa kai. Gyaɗa kai don kada a ce ba ka ji Turanci ba shi ya fi komai cin kuɗin sabon zuwa.

Girman fiza da inci ake aunawa, faɗinta daga gefe zuwa gefe. Babbar ta New York takan kai inci 18, yanka takwas, ta ishi manya uku zuwa huɗu. A manyan kamfanoni kuwa "large" inci 14 ce, "medium" 12. Ga lissafin da zai amfane ka: guda ɗaya mai inci 18 ta fi guda biyu masu inci 12 yawa, domin faɗin filinta kusan murabba'in inci 254 ne, su biyun a haɗe 226. Kafin ka yi tsalle kan rangwamen "matsakaita biyu", kwatanta da farashin babba ɗaya.

Yanzu kuɗi. Farashin da ke takarda ba shi za ka biya ba. A birnin New York ana ƙara harajin kashi 8.875 cikin ɗari a kai. Bayan haka, a gidan zama, akwai tukuicin ma'aikaci, kashi 18 zuwa 20. Sunansa tukuici amma ba na ganin dama ba ne kamar a gida. Dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991. Jihohi irin su New York sun ɗaga nasu sama da haka sosai, amma har yanzu tukuicin shi ne cefanen ma'aikacin. A ce kai da iyali kun ci na dala 71: fiza biyu, fukafukan kaza, lemo huɗu. Haraji dala 6.30, tukuici na kashi 20 dala 14.20, jimla dala 91.50. Wanda ya fito da dala 75 a aljihu yana ganin da canji, ya shiga uku. A New York hanya mai sauƙi ita ce ka ninka harajin sau biyu ka ɗan ƙara, ka sami tukuicin.

Wasu na cewa ai ba al'adarmu ba ce. To masu wanke kwanuka da masu kai abinci cikin sanyi da ruwan sama, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne irinmu. Kuma in tebur ɗaya na masu manyan riguna ya tashi bai bar komai ba, na gaba da za su shigo da irin shigar ne za su ga sakamakon a fuskar ma'aikaci. Wanda ba shi da na tukuici ya saya a kanta ya tafi gida, a can ba dole ba ne, ko da na'urar biya ta juyo maka da kashi-kashi a fuskarta.

In da kati za ka biya, ma'aikaci zai iya tafiya da shi ya dawo da rasit biyu da biro. Rubuta tukuici a layin "tip", ka haɗa jimla a layin "total" da hannunka, ka sa hannu, ka bar kwafin shago ka ɗauki naka. Kafin nan karanta rasit ɗin. In kun kai mutum shida ko fiye, gidaje da yawa kan sa tukuicin da kansu da sunan "gratuity", kada ka biya sau biyu. Wasu kuma kan ƙara kashi 3 ko 4 ga mai biya da kati. In kowa nasa zai biya, a faɗa tun kafin a yi oda. Kuma in abokin aiki Ba'amurke ya ce ku je cin fiza, ba yana nufin shi zai biya ba, riƙe kuɗinka. Katin tallafin abinci na SNAP a ƙa'ida ba ya sayen dafaffen abinci mai zafi. Ruwan famfo kyauta ne, ka ce "tap water", in ba haka ba a buɗe maka na kwalba a sa a lissafi. In gida aka kawo maka, "delivery fee" ba tukuicin mai kawowa ba ne, nasa daban.

Abin da ya rage a faranti naka ne, ka ce a ba ka kwali, kowa haka yake yi. Sa shi a firji kafin awa biyu, yana kai kwana uku zuwa huɗu. Wajen ɗumamawa ka bar microwave, yana mayar da ita kamar roba. Ɗora yankan a busasshen kasko kan wuta kaɗan minti biyu, ka ɗiga ruwa kaɗan a gefen kaskon ba a kan fizar ba, ka rufe minti ɗaya har cukun ya narke.